Dardumar da Wasta Khazir Ya Saƙa wa Jamusawa

Shekara talatin da ɗoriya ina gasa gurasa a bakin layinmu, a ƙauyenmu na bayan garin Magam, cikin wani kwari tsakanin duwatsun arewacin Indiya, kuma ban taɓa jin Wasta Khazir ya ce gurasata ta yi daɗi ba. Da an idar da sallar asuba sai ya biyo ta tanderuna, hannuwansa cikin feran, doguwar rigar sanyin nan tamu, ya ɗauki ɗaya ya juya bayanta.

"Ama," ya kira sunana, "nan ta ƙone, nan kuma ba ta nuna ba. Da darduma ce da na sa ka warware."

"To ka riƙa shan shayi da dardumar taka mana," in ce masa.

Ya kwashi biyar ya wuce. Haka muke da shi.

Ubansa manomin shinkafa ne mai 'yar gona da baki tara a gida, don haka Khazir na da shekara tara aka kai shi masaƙa. Bai taɓa zama a aji ba. Amma talim, doguwar takardar nan mai alamomi da ke faɗa wa masaƙi launi da yawan ƙulli, yana karanta ta kamar yadda liman ke jan sura. Yana da shekara talatin aka fara kiransa Wasta, wato babban gwanin saƙa. A lokacin da nake ba ku labari ya haura hamsin, yana da masaƙa uku a saman gidansa, da matarsa Fazi, da 'ya ɗaya, Shamima, wadda ke aure a Budgam.

Daga tanderuna ina jin muryarsa yana rera talim. Ja uku, fari ɗaya, shuɗi biyar. Masaƙa su amsa, ƙugiyoyin hannunsu na ƙaf-ƙaf. Mutum ne mai tsanani a wurin aiki, ba zan ɓoye ba. Ya taɓa sa mutum huɗu suka warware aikin kwana tara saboda ganye ɗaya ya karkace a gefen fure. Sati guda ba su gaishe shi ba. Shi kuwa ko a jikinsa.

Siliki da talim wani ɗan kasuwa ne mai suna Haji Altaf ke kawowa daga birnin Srinagar, shi ne kuma ke ɗaukar darduma idan an sauke ta, ya biya ladan aiki. Tun zamanin uban Haji haka ake yi. Daga hannunsa kaya ke tafiya Jamus. Wasta bai san Jamus ba ko a hoto, amma yana maganarta kamar garin surukansa. Jamusawa ba sa son ja mai ƙarfi. Jamusawa suna duba bayan darduma kafin fuskarta. Idan na so tsokanarsa sai in ce, "Wasta, yaya surukai?" Ya ce, "Suna gaishe ka. Sun ce ka rage gishiri."

A ƙarshen shekarar 2007 Haji ya kawo masa aikin da ya fi kowane aiki a rayuwarsa: darduma ta siliki zalla, ƙafa tara a faɗi, goma sha biyu a tsawo, wani dillali a Jamus ne ya sa a yi. Wasta ya zaɓi mutum uku mafi hannu a ƙauyen, shi na huɗu. Ya ce wata goma sha shida za su yi. Na hau sau biyu na gani. Ni ba masanin darduma ba ne, amma na tsaya na daɗe ina kallo. Ƙasanta ruwan madara ne, da kurangar inabi ta kewaye ta, da tsuntsaye ƙanana waɗanda sai ka matso kake ganinsu.

Suna cikin wata na goma sha ɗaya, ana girbin tuffa, motar Haji ta tsaya a gaban tanderuna don ba ta iya shiga layin. Ya aika a kira Wasta. A gabana aka yi maganar.

"Wasta, a dakata da aikin nan," in ji Haji.

"A dakata kamar yaya, Haji Sab?"

"Bankuna sun durƙushe a Amurka. Abin ya taɓa Turai. Mutumina na Jamus ya ce ko ƙyalle ba ya iya sayarwa, ya fasa."

Wasta ya dube shi, ya dube ni. "Banki ya faɗi a Amurka. To a kan masaƙata ya faɗo?"

"Kai ba za ka gane ba. Duniya ce ta zama ɗaya."

"Lokacin da suke cin riba ba ta zama ɗaya ba sai yanzu?"

Haji ya yi murmushi irin na wanda ke haƙuri da yaro, ya ce a yi addu'a, ya sayi gurasa goma, ya shiga mota. Daga ranar siliki ya daina zuwa.

Ba Wasta kaɗai ba ne. A layinmu gida goma sha ɗaya ke saƙa, kafin dusar ƙanƙara ta sauka tara sun yi shiru. Ni na fi kowa sani, domin mai ɗaukar gurasa takwas ya koma huɗu, mai huɗu ya daina biyowa ta gabana, yana zagayawa ta bayan masallaci. Mutanen Wasta uku suka watse. Ɗaya ya tafi jera tuffa a akwati, ɗaya ya koma haƙar yashi a bakin kogi, na ukun, ƙanin Fazi mai suna Maƙbul, ya zauna a gida yana jira. Mutanen da yatsunsu suka iya ƙulla zare ɗari uku a wurin da bai fi kan ɗan yatsa biyu ba, su ne ke ɗaukar shebur. Darduma kuwa tana rataye a masaƙa, an ci kashi biyu cikin uku, Fazi ta lulluɓe ta da zanen gado saboda hayaƙi.

Da bazara Haji ya aurar da ɗansa Tanwir, ya aiko wa Wasta katin gayyata mai ruwan zinariya. Wasta ya ce in raka shi. Na rufe tanderu muka tafi Srinagar. Gidan da na sani hawa biyu ya zama hawa uku. An yanka tumaki da ban iya ƙirgawa ba, masu dafa wazwan, abincin bikinmu, sun cika filin baya, nama kala-kala na zuwa ɗaya bayan ɗaya har mutane suna zubawa a leda. An zaunar da mu can ƙarshen rumfa kusa da wurin wanke hannu, tire ɗaya mu huɗu, mu da wasu masaƙa biyu daga Bandipora. Ɗayansu ya ce wata bakwai rabonsa da nama. Ya faɗa ba da wata manufa ba, yana ci yana faɗa.

Haji ya zagayo yana gaisawa da baƙi. Ya dafa kafaɗar Wasta ya ce, "Ka ga halin da muke ciki. Da kasuwa na nan da bikin ya fi haka."

Ni na ji wannan da kunnena. Wasta ya daina ci. Ni na ci, don na rufe tanderu saboda shi.

Bayan sati uku Tanwir ya zo ƙauye da buhun zare. Matashi ne mai fara'a, ya yi karatun kasuwanci a Delhi, yana kiran Wasta Baffa. Ya ce Baba ya ce a ƙarasa dardumar da wannan, ko a samu a rabu da ita. Wasta ya zari sili ɗaya daga buhun, ya zari wani daga ragowar tsohon silikinsa, ya ce Tanwir ya biyo shi. Suka zo tanderuna. Ya tsuguna ya kara na tsohon silikinsa a garwashi, ya murƙushe ya yi ƙaurin gashi, yadda silikin gaske ke yi. Ya kara na buhun, ya kama fur kamar takarda.

"Wannan mene ne?"

"Baffa, ƙyallinsu ɗaya. Ko ni ba na bambancewa."

"Kai ba ka bambancewa. Bayan wanki biyu mai ita zai bambance."

"Bayan wanki biyu tana wata ƙasa, Baffa. Wa ya san sunanka a can?"

Wasta ya miƙe ya karkaɗe feran ɗinsa. "Ka gaida Haji Sab. Ka tafi da buhunka."

A gefen gonarsa akwai itatuwan katako guda shida da ubansa ya dasa. Ya sayar da su a tsaye, ya tafi birni ya sayo silikin gaske, ya kai wa mai rini da kansa ya tsaya a kansa har launuka suka dace da na farko. Fazi ta yi faɗa kwana uku. Na ji ta daga layi tana cewa, "Baban Shamima, itatuwan nan su ne rufin gidanmu idan ya zube. Dardumar wani za ka rufa mana?" A rana ta huɗu ta hau sama ta zauna kusa da shi a masaƙa, domin ita ma ta iya tun tana gidan ubanta. Su biyu suka ƙarasa aikin mutum huɗu. Shekara guda da wata biyu suka yi, har da bazarar 2010 da aka sa dokar hana fita wata da watanni. A wannan aikin idonsa na hagu ya fara hazo.

Ranar da aka sauke ta duk layin ya hau kallo. Haji ya zo da kansa. Ya shafa, ya juya, ya sa tabarau ya cire. Ya ce Masha Allah. Sannan ya ce kasuwa a mace take, ba mai saye, taimako zai yi ya ɗauka. Ya biya ladan aiki ƙasa da yadda aka yi magana da fari, silikin da Wasta ya saya kuma ya ce ai ba shi ya sa shi ba. Wasta ya karɓi abin da aka ba shi. Zaren tsaye na Haji ne, talim nasa ne, kashi biyu cikin uku na silikin nasa ne, kuma ba wani ɗan kasuwa a kwarin nan da zai taɓa kayan da aka san na Haji Altaf ne. Mutum huɗu suka naɗe ta suka sauko da ita ta taga.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, ban taɓa jin wani ya kira wannan zalunci ba. Kasuwa ce, ake cewa. Idan Bajamushe ya ji tsoro sai ya fasa saye, kuɗinsa na aljihunsa. Dillali ya fasa, ɗakin ajiyarsa na nan. Haji ya dakata, gidansa ya ƙara hawa. Kowa ya ture abin zuwa ƙasa, har ya iso kan mutumin da ba shi da na ƙasa da shi sai matarsa da itatuwa shida.

A 2011 'yan yawon buɗe ido daga sassan Indiya suka fara cika hanyar Gulmarg, wurin shaƙatawa da ke kan duwatsu. Tanwir ya ga haka, ya buɗe babban kanti a bakin titi, tafiyar minti ashirin daga ƙauyenmu, ya shirya da direbobi su riƙa tsayawa da fasinja. Kayan da ke ciki yawanci na inji ne, a manyan motoci ake kawo su daga waje, a cire takardar jikinsu a ɗakin baya. Kowa a Magam ya sani. Dardumar Wasta ce kawai aka rataya a bangon tsakiya da fitilu a kanta. Tanwir ya aiko wa Wasta cewa akwai aiki: an kafa 'yar masaƙa a bakin ƙofa, ana son dattijo ya zauna yana saƙa baƙi suna gani. Albashin wata, da shayi sau biyu.

Ya karɓa. Kada kowa ya ce mini da bai karɓa ba. Rufin gidan ya fara yoyo, Fazi na shan maganin hawan jini.

Ranar farko ya sa sabon feran ɗinsa na Idi da farar hula. Da hantsi na gan shi ya dawo a ƙafa.

"Wasta, har an tashi?"

"An ce in je in sako tsohon. Wai baƙi sun fi son tsohon."

Ya shiga gida ya fito da wanda gwiwar hannunsa ta ɓule, da tabon kaskon wuta a gaba. Bai dube ni ba, ni ma na sunkuya cikin tanderu.

Shekara ɗaya da rabi yana zaune a ƙofar nan. Mota ta tsaya, Tanwir ya tarbi baƙi, ya nuna Wasta, ya nuna ta bango, ya ce wannan hannun ne ya saƙa waccan, shi da iyalinsa ke yi mana duk abin da kuke gani. A ɗauki hoto da shi. Wasu su ɗora masa hularsu, wasu su ce ya yi dariya. Daga nan a shiga da su ciki a ba su shayi mai ƙamshi, a shimfiɗa musu na inji. Wasta yana jin Hindi sarai, amma an gaya masa aikinsa saƙa ne ba magana ba. Ya rame a lokacin. Ya daina kushe gurasata, sai ya ɗauka kawai ya tafi, abin har ya dame ni.

Abin da ya faru a ranar ƙarshe, direban da ya kawo baƙin ne ya fara ba ni labari, daga baya Wasta ya cike mini. Wata dattijuwa ce daga Pune, malamar makaranta da ta yi ritaya, ita da mijinta. Ta zaɓi wata shuɗiya za ta kai wa 'yarta gidan aure. An gama ciniki, ana shirin naɗewa, sai ta ce a dakata. Ta sa aka jawo ta har bakin ƙofa, ta durƙusa a gaban Wasta ta haɗa hannuwa.

"Baba, wata nawa ka yi kana saƙa wannan? Ina so in gaya wa 'yata, don ta san darajarta."

Wasta ya ce mini da ta tambayi Tanwir ne, da ya ci gaba da ƙulla zarensa kamar kullum. Amma shi ta tambaya, kuma ta durƙusa. Ya ajiye ƙugiya, ya kama gefen dardumar ya juya bayanta, ya ja gezar da yatsa.

"'Yar'uwa, kin ga gezar nan ɗinka ta aka yi. Ta hannu daga jikinta take fitowa. Wannan inji ne ya yi ta, bai kai yini ɗaya ba. Ba ta da laifi, za ta yi miki shekaru. Amma ba ni na saƙa ba, ba kuma siliki ba ce."

Tanwir ya yi dariya ya ce tsohon ya fara ruɗewa, idonsa ma ba ya gani. Matar ta dubi Wasta, ta dubi Tanwir, ta ce a mayar mata da kuɗinta. Sauran fasinjojin motar suka ajiye kofunan shayi suka fita. Tanwir bai ɗaga murya ba. Ya jira motar ta tashi, ya ce, "Baffa, ka je gida ka huta. Ka gaji."

Ku ji yadda ƙauye ya karɓi abin. Direbobi suka ce ya zubar musu da abinci. A masallaci wani ya ce mutum mai iyali ba ya irin wannan. Fazi ta ce, "Ita malamar ta koma Pune da kuɗinta. Mu fa?" Kafin sati ya zagayo akwai wani dattijo zaune a 'yar masaƙar nan cikin tsohon feran, kuma Maƙbul ne, ƙanin Fazi. Ya zo ya sami Wasta tukuna, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. Wasta ya ce masa, "Ka je. Kawai idan aka tambaye ka, ka yi kamar ba ka jin Hindi." Ban ga laifin Maƙbul ba, yana da 'ya'ya biyar.

Dardumar bango ta bar kantin bayan shekara biyu, lokacin da kasuwar waje ta ɗan farfaɗo. Wani yaron kantin ya gaya wa direbobi cewa wani attajiri daga ƙasashen Larabawa ne ya saya, kuma an ce masa tsohuwar saƙar Iran ce da aka gada, don ta fi tsada a haka. Ban gaya wa Wasta ba. Ya ji a wani wurin. Abin da ya tambaya kawai shi ne ko sun gaya wa mutumin kada ya shimfiɗa ta inda rana ke bugawa.

Aiki ya ɗan dawo bayan haka, amma ba irin nasa ba. Ƙanana ake so, masu arha, a gama cikin wata biyu, kuma idonsa ba ya raba shuɗi da kore. Ya kwance masaƙa biyu ya gyara rufi da katakonsu. Yanzu gadin wata gonar tuffa yake yi daga bazara zuwa girbi, yana korar tsuntsaye da shanun mutane. Da sanyi yana zama a gefen tanderuna yana ɗumama ƙafa, yana yi wa masu sayen gurasa gardama kan labaran rediyo.

Bara aka sanar cewa za a yi wa masu sana'ar hannu rajista, a ba su kati, da ɗan tallafi ga tsofaffi. Shamima ta matsa masa, na raka shi ofishin. Muka bi layi tun hantsi har bayan azahar. Ma'aikacin ya rubuta sunansa, ya ɗauki hotonsa, ya ce ya ɗora yatsa a kan na'ura. Ya ɗora. Na'urar ta ƙi. Ya ɗora wani, ta ƙi. Aka shafa masa ruwa, aka shafa mai, aka gwada duka goma. Shekara arba'in da ɗoriya na jan zaren siliki sun goge zanen yatsunsa, sun yi sumul kamar bayan cokali.

"Baba, ba zanen yatsa ba kati," in ji ma'aikacin. "Ko kana da wata takarda da ke nuna kai masaƙi ne?"

Wasta ya ce ba shi da ita.

"To ka samo wasiƙa daga ɗan kasuwar da ka yi wa aiki, da hatiminsa."

Na buɗe baki zan yi magana, Wasta ya riƙe mini hannu. Muka fito muka shiga motar Magam. Wasiƙar ba za ta wuce layi uku ba, kuma Haji Altaf zai bayar da murmushi, har da shayi. Fazi da Shamima suna ta yi masa magana har yau. Ya ce zai je, bai dai sa rana ba.